MAZAN JIYA: TUNAWA DA MUTANEN ZAMANIN YAƘIN BAMA

 

Duk wanda ya saba halartar taruka irin wannan tun shekarun baya zai tuna da wasu dattawa da akan gani a sahun gaba, masu ƙarancin magana, waɗanda tsufa bai hana su miƙe ƙafaɗa in sun tashi tsaye ba. In an tambayi ko su wane ne, sai a ce tsofaffin sojan Bama ne. Yau da wuya a sami ko da ɗaya. Saurayin da aka ɗauka soja a 1943 yana ɗan shekara 18, in yana raye yanzu ya cika shekara 100. Ƙarnin ya shuɗe, labarinsa kuwa yana neman binsa, shi ya sa ya dace a tanadar masa shafi.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, ya ɓarke ne a farkon Satumba 1939, daidai da tsakiyar Rajab 1358. Rigima ce ta Turawa a tsakaninsu, ba Bakano ko Bakatsinen da aka yi shawara da shi. Amma ƙasar tana hannun Ingila a lokacin, kuma wanda ke riƙe da akala shi ke zaɓen hanya. Aka buƙaci samari ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Wasu suka kai kansu, don neman abin sawa a baki ko don zafin ƙuruciya. Wasu kuwa dagaci ne ya nuna su, saboda an yanka wa gari adadin da zai kawo.

Rundunar sojan Afirka ta Yamma ta tara ƙabilu masu yawa. Akwai Hausawa da Fulani da Barebari, akwai Tibi da Dakarkari da Zabarmawa, akwai mutanen Kudu waɗanda yawancinsu suka riƙe aikin akawu da tuƙi da jinya. Hausa ce ta daɗe tana haɗa su a bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Ko a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, taken rundunarsu da Hausa yake: Kullum Shiri. Ranar ɗaukar mutum akan rantsar da shi a kan abin da yake girmamawa: Musulmi da Alƙur'ani, Kirista da Linjila, mai bin addinin gargajiya da ƙarfen banati. Wannan rantsuwa ita ce mabuɗin fahimtar mutanen nan. Sarkin Ingila ba su taɓa ganinsa ba, dalilin yaƙin ma ba kowa aka tsaya aka yi wa bayaninsa ba, amma mutum ya san ya ɗora hannu a kan Littafi, kuma a tarbiyyar wancan zamani wannan ya isa ya ɗaure shi har ƙarshen duniya.

Fagen farko shi ne gabashin Afirka. Bayan Italiya ta shiga yaƙin a Yuni 1940, aka kwashi birged ta 'yan Nijeriya zuwa Kenya. A ranar 25 ga Fabrairu 1941 suka shiga Mogadishu, suka juya arewa suna bin sojan Italiya, suka ci Jijiga, suka keta mashigin dutsen Marda, kafin ƙarshen Maris suna Harar a ƙasar Habasha. Ɗaruruwan mil ke nan cikin kimanin wata guda. Nasarar ce ta sa manyan hafsoshin Ingila suka yi tunanin tura su inda ya fi wuya.

DAJIN ARAKAN

A 1942 Japan ta kori Ingila daga Bama, ƙasar da ake kira Myanmar tun 1989, ta tsaya a bakin iyakar Indiya. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta 81 da ta 82. Mutanen Afirka ta Yamma da suka yi aiki a wannan fage sun kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kwara ba ya yi makonni a kan teku kafin ya sauka Bombai.

Turawa sun ɗauka wai duk baƙin mutum ɗan kurmi ne, saboda haka daji ba zai ba shi wahala ba. Abin dariya ne in an tuna cewa da yawansu 'ya'yan fili ne, ƙasar ƙaya da rairayi, inda mutum kan hango baƙo tun yana nesa. Arakan kuwa duwatsu ne masu tsini da gora mai kauri, da ruwan sama na wata da watanni, da matsattsaku, da zazzaɓin cizon sauro, da atuni. Cuta ta kwantar da mutane fiye da yadda harsashi ya kwantar.

A ƙarshen 1943 runduna ta 81 ta nufi kwarin Kogin Kaladan. Ba hanya, sai suka sare ta da adda da diga da shebur, mil fiye da 70 a cikin duwatsu, har ƙaramar mota ta iya bi. Daga inda hanyar ta ƙare, abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima, kuma ita ce babbar runduna ta farko a sojan Ingila da ta rayu a kan haka ɗungum. To, amma kayan da ya faɗo ƙasa sai an ɗauke shi. A nan ne aka ga aikin wasu bayin Allah da tarihi ya fi zalunta, wato sojan dako. Dubbai ne, an yi musu kaki an ba su lamba kamar kowa, amma mafi yawansu ba su riƙe da bindiga, adda kawai. Su ke ɗaukar akwatin harsashi da sassan igwa da na'urar waya a ka, su hau dutse su gangara, su ratsa kogi ruwa iya wuya, su kuma ke ɗauko wanda aka harba a kan makara. Inda mota ta gaza, inda alfadari ya turje, mutum da gammonsa ya wuce. Mai bindiga in an yi masa kwanton ɓauna yana da abin ramawa. Mai kaya ba shi da komai sai ya dafe kayansa ya jira umarni, kuma in ya yar ya gudu, waɗanda ke gaba sun rasa harsashi. Ba don sun riƙe amanar abin da aka aza musu ba, da rundunar ba ta yi mako guda a dajin nan ba. Hafsoshin da kansu sun san haka: tambarin runduna ta 82 māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Na ta 81 kuwa gizo-gizo ne, wanda mutanen Gwalkwas ke ba labarin wayonsa kamar yadda Bahaushe ke ba da na Gizo.

Birged guda ta 'yan Nijeriya, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware ta aka haɗa da rundunar Chindit ta Janar Wingate. A 1944 aka sauke su da jiragen sama a bayan sahun Japanawa, suka tsare sansanonin da aka kafa don datse hanyar jirgin ƙasa, suka yi watanni abokan gaba na kewaye da su. Runduna ta 82 kuma ta gangaro ta kwarin Kalapanzin a Disamba 1944, ta haɗu da ta 81, suka karɓe Myohaung, tsohuwar hedkwatar sarakunan Arakan, a Janairu 1945. Daga nan ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da An har damina ta sauka. Japan ta miƙa wuya a tsakiyar Agusta 1945, cikin makon farko na Ramadan 1364.

Akwai wani labari da ya cancanci a ajiye. A Maris 1944 Japanawa suka far wa wata ƙungiyar masu jinya a bakin Kaladan. Mutum biyu suka tsira da munanan raunuka, Isaac Fadoyebo daga ƙasar Owo da David Kargbo daga Saliyo. Musulmin ƙauyen da ke kusa suka riƙa kai musu shinkafa da ruwa a ɓoye, daga baya wani manomi talaka ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, alhali ya san in aka gane ransa da na iyalinsa ne a kai. Sai a Disamba aka cece su. Fadoyebo ya rubuta abin da ya same shi, ɗan jarida Barnaby Phillips kuma ya gano iyalin manomin, ya fitar da littafi a kai a 2014. Mai gidan bai san harshensu ba, bai kuma sa ran lada daga wurinsu ba. Al'ummar Musulmin Arakan ɗin nan ce aka kori fiye da 700,000 daga cikinta zuwa Bangaladash a 2017.

WAƊANDA SUKA ZAUNA A GIDA

Kuskure ne a ɗauka wanda ya sa kaki shi kaɗai ya ga yaƙi. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan tsaunin Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka tilasta wa mutum fiye da 100,000 daga lardunan Arewa zuwa aikin kuza, kashi-kashi. Manomi ya bar gonarsa, ya tarar da sanyin da bai saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga bukkoki marasa kyau. Da yawa sun mutu a can, kuma ba a yi musu tambari ba. Cikin waɗannan shekarun ne aka yi yunwar da ake kira 'Yar Gusau, ga gwamnati na neman hatsi da gyaɗa, ga gishiri da kananzir da yadi sun yi wuya. Mata suka koma wa kaɗi gadan-gadan, fitilar man gyaɗa ta dawo ɗaki. Matar da mijinta ke Bama kan yi shekara biyu ko uku tana riƙe da gida, ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

Kano kuwa ta zama zango a hanyar jiragen yaƙi. Daga Satumba 1940 akan harhaɗa su a Takoradi, su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, su wuce Hartum zuwa Masar, kuma fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya. Labarin abin da ke gudana yakan zo ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na editanta. Mai karatun boko guda kan karanta a zaure, jama'a na saurare. A arewa da iyaka kuma, Damagaram da Maraɗi suna ƙarƙashin gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, sai ga 'yan'uwan juna an wayi gari wai suna ɓangarori biyu masu gaba.

SAKAYYA

Yawancin sojan sun dawo a 1946. Abin da suka tarar bai kai abin da aka kwaɗaita musu ba. Tun a fagen fama albashin baƙin soja bai kusanci na Bature ba, kuma ana yi masa bulala, hukuncin da aka soke wa sojan Ingila tun 1881. Wata takardar gwamnati ta 1945 da aka tono a 2019 ta nuna yadda aka tsara kuɗin sallama a gabashin Afirka: farabiti Bature sule 10 a kan kowane watan da ya yi, baƙar fata sule 3 da sisi. Na Afirka ta Yamma ma ba a daidaita su da Turawa ba. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni, domin a ranar 1 ga Disamba 1944 an buɗe wa tsofaffin sojan Afirka wuta a Thiaroye kusa da Dakar saboda sun nemi haƙƙinsu.

Ba a ce duk waliyyai ne ba. Akwai waɗanda bariki ta ɓata, akwai waɗanda abin da suka gani ya taɓa musu hankali har suka mutu ba su dawo daidai ba. Amma galibinsu sun ninke kakin sun sa a adaka, sun koma gona, ko sun zama direbobi da 'yan doka da masinjoji da masu gadi. An san su da cika lokaci, da tsabtar jiki, da ƙin taɓa abin da ba nasu ba. Mai unguwa in yana neman wanda zai ba ajiya, tsohon soja yakan fara faɗo masa a rai. Wanda ya kwana a rami guda da Batibi da Bayarabe, suka raba gwangwanin ruwa ɗaya, ba a cika jin zagin ƙabila a bakinsa ba. Sun kuma dawo da wani sani mai nauyi: sun ga Bature yana jin tsoro, yana kuka, yana mutuwa kamar kowa, sun ga Indiya na shirin karɓar 'yancinta. Shekara 15 bayan ƙare yaƙin Nijeriya ta karɓi nata. Girman da ake ba su ba na yaƙin Ingila ba ne, na halin da suka nuna ne a cikin abin da ba su suka ƙulla ba. Allah Ya ji ƙansu, Ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara.

Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a bakin mutane, ko da yake kaɗan ne suka san asalinsu: barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Mogadishu a Abuja, na Myohaung da Arakan da Tamandu da Marda a Ikko, da Burma Camp a Ankara ta Ghana. Waɗanda ba su dawo ba kuwa, a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da Yangon akwai ginshiƙan dutse ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san inda kabarinsu yake ba. A cikinsu akwai jerin 'yan rundunar Afirka ta Yamma, kowane suna an rubuta shi yadda kunnen akawun bariki ya ji shi ranar rantsuwa.