Gidan Ƙasa da Mazauninsa: Hujjar Mayar da Tsofaffin Gine-gine Ofisoshi da Gidajen Zama

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram ya san yadda gidan ƙasa yake mutuwa. Ba tsufa ke kashe shi ba, rashin mazauni ne. Da zarar an kulle ƙofa an tafi, sai ganye da shara su toshe indararo, ruwa ya kwanta a kan soro, ya tsattsafa ya riski azara, gara ta biyo laima, kafin damina ta zagayo sau uku rufi ya rufta. Gidan da ke kusa da shi, wanda wataƙila ya girme shi da shekara ɗari, yana nan tsaye, domin akwai wanda ke hawa sama kafin ruwan farko ya duba tsaga ya sa a yi yaɓe. Daga wannan ne ya kamata duk wata muhawara kan makomar tsofaffin gine-ginenmu ta fara.

Muhawarar kuwa, yadda aka saba yin ta, ta rabu gida biyu. Masu kishin tarihi suna son a killace ginin, a kafa masa allo, a hana kowa taɓa shi. Masu kuɗi da 'yan kwangila suna ganin filin da yake kai ya fi shi daraja, don haka a kawo katafila. Abin da wannan maƙala ke karewa shi ne hanya ta uku: a bai wa tsohon gini sabon aiki, ya zama ofis ko gidan zama na wannan zamani. A ginin ƙasa musamman, wannan ba rangwame ba ne da ake yi wa 'yan kasuwa. Ita ce hanyar adanawa mafi inganci, matuƙar an cika wasu sharuɗɗa masu tsauri.

Masana adana gine-gine sun daɗe da yarda da asalin wannan ra'ayi. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta bayyana cewa amfani da gini wajen wani aiki mai fa'ida ga jama'a yana taimaka wa adana shi, muddin ba a sauya tsarinsa da adonsa ba. Sai dai waɗanda suka rubuta ta dutse da bulo suka fi sani, shi ya sa suka ɗora nauyi a kan ainihin kayan da aka yi ginin da su tun farko. Takardar Nara ta 1994, wadda aka tsara a Japan, ita ce ta buɗe ƙofa ga irinmu, da ta ce a auna sahihancin gini da ma'aunin al'adar da ta haife shi. Bangon da ake sabunta yaɓensa lokaci bayan lokaci ba ƙasar da ke jikinsa ce tarihinsa ba. Tarihinsa yana cikin fasalinsa da hannun da ya iya maimaita shi: yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, yadda ake jera tubali, yadda ake ɗaura azara kan azara har bakan gizo ya haɗu a tsakiya, yadda ake haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa da laso daga katsin marina. Idan magina suka rasa aiki, wannan ilimi ya tafi, kuma ba allon da zai dawo da shi.

Sauya wa gini aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan Makama na Kano, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarauta a 1463, ya zama ofishin Turawan mulki bayan sun ci Kano a 1903, an yi makaranta a wani sashe nasa, yau kuma wani ɓangarensa gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma ana shiga ana fita a cikinsa. Waɗannan gine-gine sun kawo yau ne saboda a kowane zamani an sami wanda ke buƙatar rufinsu. Amma birni guda gidajen tarihi nawa zai iya ɗauka? Sauran ɗaruruwan gidajen attajirai da malamai da masu sarauta da ke lungunan birni ba za su taɓa samun kasafin gwamnati ba. Ko dai su sami mai haya, ko su zama shaguna masu hawa biyu.

A nan ne babbar suka take, kuma suka ce mai ƙarfi: sau da yawa abin da ake kira gyara shi ne kisa. Mutum zai karɓi gidan ƙasa ya lulluɓe shi da filastar siminti don ya huta da yaɓe. Siminti ba ya barin laima ta fita. Danshin da ke tasowa daga ƙasa sai ya taru tsakanin filasta da bango, yana cin gindin gini a ɓoye, waje na sheƙi, har ranar da filastar za ta ɓamɓare da rabin bangon. Wani zai fasa manyan tagogi a bangon da ke ɗauke da nauyin baka, wani ya kafa na'urar sanyaya ɗaki ruwanta na ɗiga a jikin katanga dare da rana. Ko a manyan ayyuka an ga irin wannan asara. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mikaila a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana ke ɗauka ƙololuwar fasahar ginin Hausa, a shekarun 1970 aka gina sabon masallacin siminti da ya haɗiye abin da aka bari na tsohon. Bakunan suna nan a ciki, kuma wannan abin godiya ne, amma fuskar ginin ta waje da yadda yake zaune cikin unguwarsa sun tafi. Da yawa daga ƙofofin Kano ma an rushe su an sake su da kankare, sunan ya tsira, ginin bai tsira ba.

Amsar wannan suka ba ita ce a daina sauya wa gini aiki ba. Amsar tana Dandaji, wani gari a jihar Tawa ta Nijar. Tsohon masallacin Juma'ar garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar Aga Khan a 1986. Da masallacin ya yi wa jama'a kaɗan kuma ya fara lalacewa, maimakon a rushe shi, sai masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Abu biyu ne suka sa aikin ya zama abin koyi. An kira maginan gargajiya da suka san ginin suka gyara shi da irin kayansa. Sababbin abubuwan da aka ƙara a ciki kuma, kantocin littattafai da wuraren zama, an yi su yadda mai kallo zai bambance sabo da tsoho. Ɗakin karatu ba ofis ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce: sabon aikin ne zai bi ginin.

Idan aka bi wannan ƙa'ida, gidan Bahaushe ya fi dacewa da ofis fiye da yadda ake zato. Zaure tun asali wurin karɓar baƙo ne da yanke magana. Shigifa da ƙofar gida suna tace mai shiga daki-daki kafin ya kai cikin gida, wanda shi ne abin da ofishin lauya ko na ƙungiya ko ɗakin shan magani ke nema. Kaurin bango yana jinkirta shigar zafin rana, sai ɗaki ya kasance da sanyi da tsakar rana a garin da wuta ba ta zama kuma man janareta ke cinye riba. Matsalar gaske ita ce ruwa. Banɗaki da kicin da duk abin da ke da famfo a fitar da su zuwa sabon gini a tsakar gida, nesa da tsohon bango. Wayar lantarki ta bi bututu a fili, kada a tsaga mata bango. Haske a nemo shi ta ɓangaren tsakar gida, a bar fuskar titi da zanenta da zankwayenta. Gidan zama ya fi wuya, domin matasan ma'aurata na son ɗaki da banɗaki a haɗe, kuma akwai ƙyamar da ta shiga zukata cewa gidan ƙasa alamar talauci ne. Wannan ƙyama ba wa'azi zai kawar da ita ba, sai an ga gida guda da aka gyara da kyau mutane suna sha'awar zama a ciki.

Akwai kuma tambayar wa za a gyara wa. Tashar lantarki ta Battersea a Landan ta daina aiki a 1983, ta yi shekaru tana zube, kafin wasu kamfanonin Malesiya su saye ta a 2012 su buɗe ta a Oktoban 2022 da shaguna da gidaje masu tsada da ofisoshin Apple. Ginin ya tsira, ko da yake dogayen bututun hayaƙinsa huɗu sai da aka sauke su aka sake gina kwatankwacinsu. Amma a 2017 an amince a rage gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka yi alkawari daga 636 zuwa 386. Idan aka yi wa unguwannin birni irin wannan, aka gyara gidaje aka tashi masu su, an ceci katanga an kashe unguwa, alhali dakalin ƙofar gida da makarantar allo da masallacin lungu suna cikin abin da ya sa ginin ya zama abin adanawa.

Saboda haka nake ganin wurin da ya fi buƙatar tunani shi ne rabon gado, domin a nan ne mafi yawan tsofaffin gidaje ke ƙarewa. Maigida ya rasu, magada sun yi yawa, gidan ba ya rabuwa, sai a sayar, mai saye kuma fili ya saya. Shari'a ba ta tilasta wannan ba. Magada na iya barin gidan a dunƙule su ba da shi haya ga ofis na tsawon shekaru, su riƙa raba kuɗin gwargwadon rabon kowa, tare da sharaɗi a rubuce cewa mai haya ne zai ɗauki nauyin yaɓe da gyaran rufi a hannun maginan gargajiya. Mai gida na iya yin waƙafi da shi tun yana raye. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, tana kare gine-ginen da aka ayyana ne kawai, kuma ƙalilan ne, don haka aikin ya faɗa kan jihohi da masarautu. Jiha na iya yafe harajin fili ga wanda ya gyara maimakon rushewa, ta kuma kama hayar irin waɗannan gidaje ga ƙananan ofisoshinta da yanzu take biya wa haya a wasu wurare. Masarauta kuwa tana da Sarkin Magina, kuma shi ya cancanci a nemi sa hannunsa kafin a taɓa bangon da ya haura shekara ɗari.