Enzayim da Makomar Man da Aka Gama Suya da Shi

Man gyaɗa, man ja, kitsen shanu, duk gininsu ɗaya ne: gilisarin guda riƙe da asid mai maiƙo guda uku. Wannan asid ɗin masana'antun sabulu, man shafawa, roba da bayodizal suke nema. Tsohuwar hanyar ɓalle shi, wadda ake kira Colgate-Emery, dafa mai take yi da ruwa a zafin da ya kai digiri 250 cikin matsi mai tsanani. Enzayim ɗin lifes kuwa, irin wanda ke narkar da maiƙo a hanjinmu, yana yin aikin a ƙasa da digiri 60.

Masu yabonsa sukan tsaya kan rage wuta. A ganina ba nan ƙarfinsa yake ba. Enzayim kaya ne mai tsada. Wanda kamfanin Novozymes na Denmak ya fito da shi da sunan Novozym 435 sai an manna shi a jikin ƙwayoyin roba, a yi ta tace shi ana sake amfani da shi, kafin ya fid da kuɗinsa. Idan man mai kyau ne, soda mai araha ta fi shi riba nesa ba kusa ba wajen yin bayodizal.

Inda ya yi zarra shi ne a kan gurɓataccen mai. Man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi cike yake da asid ɗin da ya riga ya ɓalle. Zuba masa soda da nufin yin bayodizal, sai ka ga tukunya ta yi kumfa ta daskare: sabulu ka haɗa, kamar yadda mata ke haɗa sabulun salo da ruwan toka. Lifes bai damu da wannan ba, ɓallallen asid da wanda ke ɗaure duk yana mayar da su bayodizal. Don irin wannan mai ne Novozymes ya fito da Eversa a 2014.

Batun ya wuce na riba. Indonesiya da Malesiya ke samar da mafi yawan man jan duniya, kuma duk gangar da masana'anta ta ɗauka, da tukunyar miya take gasa, ga dazuzzukan da ake sarewa don faɗaɗa gonaki. Ragowar man suya ba ta cikin wannan gasa.

Da sauran rina a kaba dai. Metanol ɗin da ake haɗawa da man yana kashe enzayim idan ya yi yawa, dole a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan, aikin da soda ke gamawa cikin awa guda sai ya ci yini.