Idan allurar agogon juyin inji ta kwanta: abin da ake dubawa kafin a sayi sabo

A tablon mota, kusa da agogon gudu, akwai wani agogo mai lambobi daga 0 zuwa 6 ko 8, da jan layi a ƙarshensa. Shi ne agogon juyin inji, wanda ake kira compte-tours da Faransanci. Yana nuna sau nawa inji ke juyawa cikin minti guda: idan allura ta tsaya kan 2, inji na juyi 2.000 ke nan. A garejojin Tasawa da Mayayi direbobi da yawa ba su damu da mutuwarsa ba, tun da mota na tafiya. Amma a wasu motocin kwanciyar allurar ita ce alama ta farko ta matsalar da za ta iya tsayar da mota tsakiyar daji.

Amfaninsa a hanyoyin yankin

Mai bin kwaltar RN1 daga Maraɗi zuwa Damagaram ta Tasawa yana iya dogara da kunnensa. Wanda ya sauka kwalta ya shiga rairayin ƙauyukan Mayayi da kwarin Gulbin Kaba kuwa, ƙaramin giya yake sawa yana taka wuta, mota na tafiya a hankali, inji na kuka. A nan agogon ke gaya masa ko ya kusa jan layi, inda inji ke zafi, ya sha mai, ya lalace da wuri. Haka kuma inji mai lafiya da ya ɗumama yakan zauna tsakanin juyi 600 da 900 idan mota na tsaye. Allurar da ke hawa da sauka a lokacin tana nuna akwai abin dubawa.

Daga ina agogon ke samun saƙo

Gyaran ya dogara da irin motar, domin hanya uku ce. Tsofaffin motoci masu shan esans, irin Peugeot 504, suna ɗaukar saƙon daga bobin, wato kwayil mai ba buji wuta. Motocin gazuwal ba su da bobin: wasu na ɗauka daga wata waya a bayan altanato mai cajin batir, wadda ke da alamar W, wasu kuma daga ƙaramar na'ura da ke jikin famfon gazuwal. A motocin zamani, na'urar da ke ƙirga juyin karanshaf ce ke aika saƙo ga kwamfutar mota, ita kuma ta miƙa wa tablo.

Matakan bincike

Na farko, a kunna makulli a kalli tablo baki ɗaya. Idan agogon mai da na zafin inji su ma sun mutu, ba laifin agogon juyi ba ne. Mai yiwuwa fiyus ne ya ƙone ko wayar da ke ɗaure da ƙarfen mota ta kwance. Fiyus ɗin da ya ƙone a canja shi da mai lamba iri ɗaya. Naɗa zaren waya a gurbinsa, kamar yadda wasu ke yi, yana iya ƙone wayoyin tablo duka. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai waya mai taɓa ƙarfe, sai an nemo ta.

Na biyu, idan agogon juyi kaɗai ya tsaya, a bi wayarsa daga tushe. Girgizar hanyar da ba kwalta tana kwance mahaɗa, ƙurar hunturu na cika su, zafin bazara na busar da robar waya har ta tsage. A cire kan batir, a zare mahaɗar, a share ta, a mayar da ita da ƙarfi.

Na uku ya shafi motocin gazuwal masu wayar W. Idan allura ta faɗi kuma fitilar batir ta kama, a tsaya a duba bel. Bel ɗin da ya saki ko ya tsinke yana hana altanato juyawa, batir ya daina caji, kuma a motoci da yawa shi ne ke juya famfon ruwa, don haka inji na iya zafi cikin mintoci kaɗan. Da na'urar awon wuta ana tabbatarwa: batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12,6 idan inji a kashe yake, sannan 13,5 zuwa 14,5 idan yana aiki.

Na huɗu, a motocin zamani, idan ana murza makulli inji na juyawa bai tashi ba, allura kuma ba ta ko motsa ba, na'urar karanshaf ake fara zargi. Motar da ke mutuwa idan ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, ita ma sau da yawa can matsalarta take.

Na biyar shi ne na'urar bincike da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari. Wajibi ne motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 su zo da wannan mahaɗa ta OBD, haka motocin esans na Turai tun 2001, kuma yawancin motocin hannu da ke shigowa Nijar suna da ita. Idan na'urar ta nuna juyin inji daidai amma allura na kwance, matsalar na cikin tablo: ko dalmar da ta tsage, ko ƙaramin injin da ke juya allurar. Mai gyaran wutar mota yana iya gyara su ba tare da an canja tablo ba.

Hattara da tablon hannu

Idan ya zama dole a sayi wani tablo, a tabbatar na inji iri ɗaya ne. Inji mai silinda 4 yana ba da tartsatsi biyu a kowane juyi, mai silinda 6 kuma uku. Agogon mai 6 da aka ɗaura wa mai 4 ta bobin zai nuna 2.000 alhali inji na juyi 3.000, direba ya wuce iyaka bai sani ba. Haka abin yake idan aka sa wa motar gazuwal altanato mai fulin da girmansa ya bambanta da na asali: allura za ta yi aiki, amma lissafinta ba daidai ba ne.

Motar da agogonta kaɗai ya tsaya, fitilun gargaɗi a kashe, inji na tashi lafiya, tana iya ci gaba da aiki har a samu lokacin kai ta gareji. Wadda allurarta ta kwanta tare da fitilar batir, ko inji na yankewa, bai kamata ta bar gari da fasinja ba sai makanike ya gan ta.