Baƙon da Ya Ceci Gari: Daga Tibis Zuwa Kutuje

Duk wanda ya tashi a Kazaure, a kan hanyar Kano zuwa Daura, ya san tarihihin Bayajidda, baƙon da ya sauka da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Girkawa ma suna da labari mai wannan tushe. Idifus ya iso birnin Tibis, ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi mutane, aka ba shi sarauta da sarauniya Jokasta. Sai dai Bayajidda baƙo ne na gaske, Idifus kuwa ɗan gida ne bai sani ba. Dattijon da ya kashe a mararraba mahaifinsa ne, matar da ya aura ita ta haife shi.

Sofokilis, marubucin Girka da ya mai da labarin wasan kwaikwayo wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa, bai tsaya kan dodanniya ba. Ya buɗe wasansa da annoba, ya sa sarki Idifus ya rantse sai ya tono wanda ya kashe tsohon sarki, alhali 'yan kallo sun san wanda ake nema. Ƙarfin wasan ke nan. Marubutan Faransa sun ga labarin ya yi musu tsaurin da ba soyayya a ciki. Kwarnai a 1659 ya cusa soyayyar wasu masoya, Tisiyas da Dirse, Boltaya a 1718 ya ƙago wa Jokasta tsohon masoyi. A ganina ruwa suka ƙara wa miya.

Wanda ya taɓa ƙashin labarin shi ne Ola Rotimi, cikin wasansa The Gods Are Not to Blame, da aka fara nunawa a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasar Najeriya. Ya cire dodanniya. Odewale, Idifus ɗin wannan wasa, ya ƙwaci mutanen Kutuje daga hannun mayaƙan Ikolu, suka naɗa shi, ya auri sarauniya Ojuola. Kisan mahaifinsa kuma a gona aka yi shi, kan rikicin fili. Odewale ya daure har sai da dattijon ya yi wa harshensa ba'a, nan ya sare shi da fartanya.

Ta haka Rotimi ya janye laifi daga alloli ya ɗora shi kan zafin zuciya da ƙabilanci, cutar da ke cin Najeriya a lokacin. Kuma ƙabilar Ijekun da Odewale ya zubar da jini dominta ba tasa ba ce, riƙonsa kawai aka yi a can. Shi da mai yi masa ba'ar jini ɗaya ne.