Asalin Kuɗin Takarda da Darajar Tsofaffinsu

Wanda duk ya tsaya a kasuwar Nima ta ƙasar Gana ranar Laraba, ya ga yadda mai tumatir take karɓar 'yar takarda daga hannun mai saye, ta dube ta sau ɗaya, ta ninke ta huɗu ta ƙulle a haɓar zane, sa'an nan ta miƙa kayan da ta sha rana da ƙura kafin ta samo su, lalle in mai tunani ne zai tambayi kansa yadda aka yi 'yan Adam suka yarda su musanya guminsu da abin da ruwa ke jiƙawa, wuta ke ci, gara ke lalatawa. Wannan yarda ba a dare ɗaya aka same ta ba, kuma kakanninmu na zango suna cikin waɗanda suka daɗe suna tababa kafin su sallama.

A zamanin fatauci, sa'ad da ayari ke tashi daga Kano da Katsina ya nufi Gwanja neman goro, wuri shi ne kuɗi. Ana ƙidaya shi zambar zambar, ana ɗura zambar ashirin a keso guda, har ya zama ɗaukar kuɗin kansa wani aiki ne da ke bukatar jakuna da 'yan alaro. A ƙasar Tonawa kuwa garin zinariya ake aunawa a ma'auni. Shi wannan wuri daga tsibiran Maldib na tekun Hindu ake kawo mafi yawansa. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran a ƙarni na 14, ya ga ana sayar da shi dubu ɗari huɗu a dinari ɗaya, da ya zo Mali da Gawo kuma ya tarar 1,150 ne ke yin dinari. To, shi ne kuma ya ba mutanen ƙasashen Musulmi labarin wani abin al'ajabi na ƙasar Sin, inda ya ce ba a ciniki da dinari ko dirhami a kasuwanninsu sai da gutsattsarin takarda, kowane kamar faɗin tafin hannu, da hatimin sarki a kai, in kuwa ta yage a kai ta gidan hukuma a karɓo sabuwa ba ladan kome.

Asalin abin daga attajiran lardin Sicuwan na ƙasar Sin ne, waɗanda kuɗinsu na baƙin ƙarfe ne masu nauyin gaske. Sai suka riƙa ajiye ƙarfen wurin amintattu suna karɓar takardar shaida, takardar kuwa ta shiga yawo hannu zuwa hannu maimakon ƙarfen, har hukumar daular Song ta karɓe aikin bugawa wajen shekarar 1024. Fatakenmu da malamanmu ba baƙin irin wannan dabara ba ne, gama littattafan fiƙihu sun yi bahasi a kan suftaja, wato mutum ya ba da dukiya a wani gari a rubuta masa takarda ya karɓa a wani. Bambancin kawai shi ne suftaja amana ce tsakanin mutum biyu da suka san juna, kuɗin takarda kuwa amana ce tsakanin sarki da jama'ar da ba ta taɓa ganinsa ba. Da Kaikhatu, sarkin Mongol na Farisa, ya ga baitulmalinsa ya bushe, ya kwaikwayi mutanen Sin a birnin Tabriz a 1294, ya buga takarda har da kalmar shahada a jikinta, ya yi shelar kisa ga wanda ya ƙi karɓa. Amma 'yan kasuwa suka rufe rumfuna, abinci ya ɓace, cikin kamar wata biyu tilas aka janye ta. Takobi ya kasa abin da aminci kaɗai ke iyawa. Turawa ba su fara buga kuɗin takarda ba sai 1661 a birnin Istokholm na Suwidin, Bankin Ingila kuma aka kafa shi a 1694.

A wannan yanki namu, Turawan Ingila sun kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan a 1912, don ta buga kuɗi iri ɗaya ga Nijeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya. Sulallan azurfa suka fito a 1913, takardu suka biyo baya a 1916, da hoton itacen kwakwa a gabansu da rubutu cikin baƙaƙen Larabci a bayansu, domin hukuma ta san cewa akwai ɗimbin 'yan kasuwa, tun daga Sakkwato har Kumasi, da ba su san boko ba amma allo ya koya musu karatu. Duk da haka mutane suka yi ta ƙyamar takardar. Mai sule na azurfa yana iya binne shi a tukunya shekara goma ya tono shi lafiya lau, ko ya kai wa maƙeri ya ƙera wa amarya munduwa, mai takarda kuwa damina ɗaya ta ishe shi hasara. Saboda haka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da azurfa ta yi wuya, sai wanda ke son a ɓarar masa da fam ya yarda a rage masa wani abu. A ganina ba jahilci ne ya sa su haka ba, lissafi ne na mutanen da suka san wahalar nema.

Malamai ma ba su yi shiru ba. Shehu Ulaishu na Misra, babban mufti na mazhabar Malikiyya wanda ya rasu a 1882, da aka tambaye shi game da takardar da ke ɗauke da hatimin sarki, ya yi fatawa cewa babu zakka a ainihinta, tun da ba ta cikin abubuwan da shari'a ta ambata. Sai da zamani ya tafi, zinariya da azurfa suka fita daga hannun jama'a ɗungum, majalisun fiƙihu na wannan zamani suka tabbatar cewa takarda ta tsaya matsayin dinari da dirhami, zakka ta wajaba a cikinta, riba kuma tana shigarta.

Ita unguwar Nima a zamanin takarda aka haife ta, domin sai a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sauka a wurin da shanunsa, jama'a suka riƙa taruwa, ta cika ta batse bayan Yaƙi na Biyu har ta haɗe da unguwar Mamobi. Amma dattijon da aka yi wa suna a nan a 1950 ya kashe kuɗi iri biyar bai taɓa ƙetare iyaka ba. Da fam ɗin Turawa aka sayi ragon sunansa. Bayan Gana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957, Bankin Gana ya fitar da fam na ƙasa ran 14 ga Yuli 1958. Ran 19 ga Yuli 1965 aka zo da sidi da pesewa, da hoton Shugaba Kwame Nkrumah, sidi ɗaya a bakin sule takwas da kwabo huɗu. Da soja suka hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966, shekara na zagayowa aka buga sabon sidi babu fuskarsa, a bakin sule goma. Na biyar shi ne na watan Yulin 2007, zamanin Shugaba Kufuor, da aka yanke sifiri huɗu, sidi dubu goma ya koma ɗaya, wanda har yau za ka ji tsohuwa a Mamobi tana kiran sidi ɗari miliyan.

Tsakanin waɗannan canje-canje akwai biyu da suka bar tabo. A watan Maris 1979, zamanin Janar Akuffo, aka rufe iyakoki aka canja takardu, wanda ya kawo goma a ba shi bakwai in kuɗinsa bai wuce sidi 5,000 ba, abin da ya haura kuwa a ba shi rabi, alhali na ajiya a banki ba a taɓa shi ba. Duk wanda ya san al'adar mahauta da dillalan shanu da masu goro da mata masu adashi, cewa dukiyarsu a ƙarƙashin katifa da cikin kwalla take kwana, ba sai an gaya masa inda sandar ta fi sauka ba. A 1982 kuma gwamnatin Rawlings ta soke takardar sidi 50, aka ce kowa ya kai banki a ba shi rasit, mutane suka daɗe suna jiran haƙƙinsu. Waɗansu tsoro ya hana su kaiwa, waɗansu suna tafiya, waɗansu Allah ya yi musu rasuwa ba su faɗa wa kowa inda suka ɓoye ba. Shi ya sa har yanzu in an buɗe adakar mamaci ranar rabon gado, a ƙarƙashin tsofaffin riguna da tasbaha da takardun fili, akan ci karo da damin kuɗi ɗaure da zare, gefensu ya yi ja, suna ƙamshin kafur, magada su juya su su ce ai waɗannan sun mutu, a ba yara su yi wasa.

Nan ne nake roƙon a dakata. Takardar da ta daina sayen gishiri ta zama hujjar tarihi, akwai kuma mutane a duniya, da gidajen gwanjo a Landan da Amurka, waɗanda sana'arsu ke nan tara irinta. Abin da ke ɗaga farashinta wurinsu ba tsufa kaɗai ba ne. Suna duban ƙarancinta, wato nawa aka buga nawa kuma suka tsira daga wutar banki. Suna duban lafiyarta, har wadda ba a taɓa ninkewa ba takan ninka 'yar'uwarta da ta sha hannu sau da yawa. Sa'an nan sa hannun gwamnan banki, da shekara, da lamba, da kuskuren bugu in akwai. Wata takardar dala dubu ta Amurka ta 1890 an sayar da ita fiye da dala miliyan uku a 2014, don 'yan ƙalilan ne suka rage. Kada wannan ya ruɗi kowa: sidi dubu biyar da dubu goma na kafin 2007 an buga su ba iyaka, ba za su arzuta mai su ba. Waɗanda ake nema su ne na hukumar Afirka ta Yamma na farko-farko, da fam biyar na 1958, da manyan takardun Nkrumah na 1965 waɗanda ko shekara biyu ba su cika a kasuwa ba. Ta fuskar shari'a kuwa, galibin malaman zamani sun halatta sayar da kuɗin da aka soke a kan farashin da aka daidaita, domin sun zama haja kamar kowace haja, sun kuma hana a sayar da sidin da ke ci yanzu da sidi fiye da adadinsa.

Amma darajar da ta fi damuna ba ta gwanjo ba ce. Tarihin zango kaɗan ne aka rubuta, mafi yawansa yana bakin dattawa, su kuwa kullum raguwa suke yi. Fam guda mai hoton kwakwa yana iya buɗe bakin tsoho ya ba da labarin sadakin da ya biya, da kuɗin motar Kumasi, da abin da ya sami maƙwabtansa a korar baƙi ta 1969. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka sami irin waɗannan takardu a kayan iyayenka, kada ka wanke su, kada ka goge su da dutsen guga, kada kuma ka kai a manne su cikin roba, gama duk wannan yana kashe farashinsu. Shimfiɗa su tsakanin farar takarda a wuri busasshe nesa da gara, ka tambayi manyan gida na wane ne da yadda aka yi suka kwana, ka rubuta jawabin ka ajiye tare da su tun masu ba da labarin suna raye.