Tsofaffin Gine-ginen Banki da Baitulmali a Matsayin Kayan Tarihi: Waiwaye Daga Suleja

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce wa ɗalibi ya lissafa kayan tarihin garinsu, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne ganuwa da fadar sarki da masallacin Juma'a. Da wuya ka ji ya ambaci gidan da aka fara ajiye kuɗin jama'a a cikinsa. Dalili kuwa shi ne, an saba ɗaukar banki a matsayin baƙon abu wanda ba shi da gurbi a darasin al'ada. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa gine-ginen baitulmali da na tsofaffin bankuna suna ɗauke da wani babi na tarihin Hausawa da na harshensu, kuma akwai buƙatar masu tsara manhaja su dube su tun kafin a rushe su. An ɗauki Suleja ta Jihar Neja a matsayin misali, saboda gari ne da ya daɗe yana zaman hedikwatar masarauta a karkara, sannan cikin 'yan shekaru ya wayi gari a bakin ƙofar babban birnin tarayya. Yaron da ke karatu a wata makaranta ta Bagama ko Hashimi ko Kurmin Sarki yana iya ganin sawun wannan sauyi a kan hanyarsa ta zuwa aji.

2.0 Ajiya Kafin Zuwan Banki

Garin da ake kira Suleja shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan da sarakunan Zazzau na Haɓe suka baro Zariya a lokacin jihadi. A zamanin Sarki Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe hulɗar ciniki da Bida da Zariya. Kuɗin wancan lokaci wuri ne, kuma wuri kaya ne mai nauyi: ana ƙirga shi ɗari-ɗari da zambar-zambar, a ɗura dubu ashirin a cikin keso guda. Manyan fatake sukan riƙe azurfar nan mai hoton Mariya Tariza, wadda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinta, domin ta fi sauƙin ɗauka a doguwar tafiya.

Wanda ya tara dukiya a wancan zamani yana da hanyoyin adana ta. Wani ya binne a tukunya cikin ɗaka, wani ya sayi shanu ko tufafi masu tsada, wani kuma ya kai ajiya wurin attajiri ko fatoma da aka shaida da riƙon amana. Mata suna da adashi, yara suna da asusun yumɓu wanda ba a buɗe shi sai an fasa. Duk waɗannan hanyoyi sun dogara ne a kan sanin mutum da mutum. Abin da banki ya zo da shi sabo shi ne miƙa dukiya ga gini da takarda, a hannun ma'aikacin da mai ajiya bai san asalinsa ba. Wannan ne ya sa siffar ginin ta zama muhimmiya, domin ita ce za ta fara gaya wa mai kuɗi cewa abinsa ba zai salwanta ba.

3.0 Baitulmali: Gidan Kuɗi na Farko

Turawa sun mamaye Abuja a 1902. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri, aka kuma matsa wa jama'a su biya haraji da jangali da tsabar kuɗin Turawa. A Katsina, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, jami'in mulki Palmer ya fara tsarin baitulmali, inda ake zuba kason En'e na haraji, a biya sarki da hakimai da alƙalai albashi daga ciki. Ba a jima ba tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda sulallanta suka maye gurbin wuri a kasuwanni sannu a hankali.

A garuruwan da hanyar jirgin ƙasa ba ta bi ba, irin su tsohuwar Abuja, baitulmali ne gidan kuɗi na farko da talaka ya sani. Can dagatai suke kai harajin da suka tara, can malaman makaranta da dogarai suke karɓar albashi, kuma ma'aji ne mai riƙe da makulli da littafin lissafi. Gidan waya ya zo ya taimaka ta fuskar ajiyar ƙananan ma'aikata da aika kuɗi zuwa wani gari. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ayyukan baitulmalin En'e suka koma hannun ƙaramar hukuma. Saboda haka duk wanda zai rubuta tarihin banki a garin karkara, daga ofishin ma'aji ya kamata ya soma.

4.0 Bankunan Kasuwanci da Siffar Gininsu

Bankin da ya fi daɗewa a ƙasar nan shi ne Bank of British West Africa, wanda aka kafa a 1894, kuma shi ne ya zama First Bank a 1979. Bankin Barclays ya zama Union Bank a wannan shekarar. Waɗannan bankuna ba su shigo Arewa domin manomi ba. Sun biyo kamfanonin Turawa ne masu sayen gyaɗa da auduga da fatu, bayan da hanyar jirgi ta isa Kano a 1911. Shi ya sa aka gina su a wajen ganuwa, kusa da tasha da kantuna. Har yanzu akwai titi a Kano da ake kira da sunan banki. Ana ba da labarin cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai sulallan azurfa kayan raƙuma ashirin ajiya a bankin Kano. Labarin ya yi tasiri ne domin ya nuna lokacin da babban attajiri Bahaushe ya yarda ya fitar da dukiyarsa daga taskar gidansa ya kai gidan baƙi.

Ginin bankin wancan zamani yana da kamanni da ake gane shi da su. Bango ne mai kauri na dutse ko bulo, da rufin kwano mai tsawo, da baranda mai inuwa, da manyan tagogi masu sandunan ƙarfe domin iska ta ratsa tun kafin a san na'urar sanyaya ɗaki. A ciki akwai doguwar kanta ta katako wadda ta raba ma'aikata da masu hulɗa, can ƙurya kuma ga ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, wanda bisa al'adar aikin ba a barin makullansa duka a hannun mutum ɗaya. Sau da yawa manaja yana zaune ne a saman ginin ko a bayansa. Kowane ɓangare yana da abin da yake koyarwa. Baranda tana nuna yadda magina suka yi la'akari da zafin ƙasar, kanta tana nuna tazarar da ke tsakanin mai ilimin boko da wanda sai dai ya dangwala yatsa, makulli biyu kuwa darasi ne a kan yadda aka mayar da amana ta zama doka.

Bayan kafa Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, gwamnatin Jihar Arewa ta ga buƙatar samun banki nata. Ta haka aka sami Bankin Arewa, mai hedikwata a Kano, wanda ya buɗe rassa a manyan garuruwan Arewa da dama, ya kuma zama bankin da ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka fara buɗe asusu a cikinsa.

5.0 Yadda Banki Ya Shiga Karkara, da Rabon Suleja

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 rassan bankuna sun taru ne a birane. A 1977 Babban Banki ya ƙaddamar da shirin kai bankuna karkara, inda ya raba wa bankunan kasuwanci garuruwan da dole su buɗe reshe. An yi shirin a zango uku: rassa 200 a na farko, 266 a na biyu, 300 a na uku, wanda ya ƙare a 1989. Yawancin tsofaffin gine-ginen banki da ake gani a hedikwatocin ƙananan hukumomi 'ya'yan wannan shiri ne. Daga baya aka kafa People's Bank a 1989 domin masu ƙaramin ƙarfi, sannan bankunan al'umma suka biyo baya, na farkonsu a Tudun Wadar Kaduna a ƙarshen 1990.

Wannan lokaci ya zo daidai da babban sauyi a tarihin Suleja. A watan Fabrairu 1976 aka yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar, aka kuma ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Kafin a gina ofisoshi a sabon birni, a Suleja ma'aikatan hukumar raya birnin suka yada zango, kuma unguwar da ake kira Fil Bes ta samo sunanta daga wannan zama. 'Yan kwangila da leburori da masu sayar da kayan gini suka cika gari. Albashi da kuɗin kwangila suna buƙatar wurin biya, don haka harkar banki ta bunƙasa tare da kasuwa. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, Suleja ta zama mazaunin dubban ma'aikatan da ba su iya biyan hayar birni.

Akwai wata alaƙa ta musamman tsakanin wannan yanki da kuɗin Nijeriya. Takardar naira 100 da aka fitar a 1999 tana ɗauke da hoton Dutsen Zuma. Takardar naira 20 ta 2007 kuma tana ɗauke da hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin a 1954, cibiyar da Michael Cardew ya kafa. A wannan sauyi na 2007 ne aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun kuɗi, aka sa Hausar boko tare da Yarabanci da Ibo.

6.0 Abin da Ke Barazana ga Gine-ginen

Gini yana rayuwa ne muddin ana amfani da shi. A 1998 an soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda. A 2004 Babban Banki ya ɗaga jarin da ake buƙata daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kuma zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. Bankin Arewa yana cikin tara da suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006. Duk haɗewa irin wannan tana barin rassa biyu ko uku a titi ɗaya, sai a rufe wasu, a sayar da wasu. Waɗanda suka tsira kuma an lulluɓe fuskarsu da gilashi da fentin kamfani, ta yadda reshen Suleja ba ya bambanta da na Legas. Daga baya hada-hadar kuɗi ta waya da masu POS a bakin titi sun rage wa mutane zuwa banki.

A gari kamar Suleja, inda fili yake da tsada saboda maƙwabtaka da Abuja, tsohon gini mai hawa ɗaya a bakin babban titi yana cikin haɗari, domin mai shi yana ganin jerin shaguna sun fi kawo riba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta ba da damar ayyana gini a matsayin abin tarihi, kamar yadda aka yi wa Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina. Amma hukuma ba ta kare abin da mutanen gari ba su nuna sun damu da shi ba. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe, kuma tsohon banki yana iya zama ɗakin karatu ko ofishin ƙungiya ba tare da an taɓa ƙofarsa ta ƙarfe ba.

7.0 Amfani ga Manhajar Hausa

Ta fuskar harshe, wannan batu taska ce ta kalmomin da suke ɓacewa tun da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973. Ɗalibai kaɗan ne za su iya bambanta anini da ɗari da ahu da taro da sisi da nai, ko su faɗi dalilin da ya sa ake kiran fam ɗari jaka, alhali suna jin "ba ni da ko anini" da "ko sisin kwabo" a bakin iyayensu. Haka kuma darasin aron kalmomi zai samu misalai a wuri ɗaya: baitulmali da riba da amana daga Larabci, banki da manaja da kanta da caki daga Ingilishi, ma'aji da ma'ajiya kuma ƙirar Hausa daga aikatau "aje".

Bisa wannan, ana ba da shawarwari kamar haka. Na farko, a sanya tarihin kuɗi da ajiya a ƙarƙashin darasin sana'o'i da kasuwanci na ƙaramar sakandare, a haɗa adashi da asusu da baitulmali da banki a jere ɗaya. Na biyu, a ajin babbar sakandare malami ya jagoranci ɗalibai su zaɓi gini guda a garinsu, su nemi izinin masu shi, su zana fasalinsa, su yi hira da tsofaffin ma'aikatan En'e da na banki da 'yan kasuwar da suka yi hulɗa da su. Daga hirar za a samu insha'i na bayani da na siffantawa, a kuma koyi rubuta magana kamar yadda aka faɗe ta. Na uku, makaranta ta adana kwafen aikin, ta kai wani ga majalisar masarauta da sashen ilimi na ƙaramar hukuma.

8.0 Kammalawa

Takardar ta bi sawun ajiyar dukiya daga keson wuri zuwa baitulmali, daga nan zuwa bankunan kamfanoni da rassan karkara, ta kuma nuna yadda haɗewar bankuna da tsadar fili suke cinye gine-ginen da suka rage. Waɗanda suka karɓi albashi da sule a ofishin ma'aji sun manyanta, haka ma waɗanda suka buɗe rassan 1977. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata malamai su fara wannan aiki a zangon karatu mai zuwa, tun masu ba da labarin suna nan kuma ginin yana tsaye.