Sauye-sauyen Dokar Hukumar Jazira da Matsayin Hausawan Yankin Kamlin

Garin Kamlin yana gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, tsakanin Hartum da Hasahisa, a arewacin yankin da ake kira Jazira. Kalmar ta Larabci ce, ma'anarta tsibiri, domin ƙasar tana tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A nan Turawan mulkin mallaka suka kafa babban aikin noman auduga na ban-ruwa bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Hausawa da Fulani, waɗanda mutanen Sudan kan haɗa su kira Fallata ko Takari, sun riga madatsar zuwa. Wasu mahajjata ne da guzuri ya yanke musu, wasu kuwa sun yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Tun farko an gina aikin bisa haɗin gwiwar ɓangarori uku. Gwamnati ke da madatsa da manyan hanyoyin ruwa, kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate ke gudanarwa da sayar da auduga, manoma kuma su yi aikin gona. Gonar da ake bai wa manomi ana ce mata hawwasha. Kuɗin auduga duka asusu guda yake shiga, a cire wasu kuɗaɗen da aka kashe, sannan a raba. Rabon da ya zauna daga baya shi ne kashi 40 cikin 100 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfani. Abin lura a nan shi ne littafin lissafi yana hannun kamfani. Manomi bai san abin da aka cire ba, abin da aka miƙa masa kawai yake gani.

Wannan duhun kai da aka bar manoma a ciki ya haifar da rikici a 1946. Labari ya bazu cewa asusun ajiyar manoma, wanda ake tarawa daga kasonsu, ya kai fam miliyan 1.3 na Masar. Manoma suka ce a raba musu, suka ƙi yin shuka. Daga ƙarshe aka fitar da fam 400,000, a 1947 kuma aka kafa majalisar wakilan manoma. Shawara kawai take bayarwa, amma dai an fara jin muryarsu.

Da yarjejeniyar kamfanin ta ƙare a 1950, sai aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jazira ta Sudan, mai hedikwata a Barakat kusa da Wad Madani. Hukumar ta gaji aikin kamfani da kasonsa, aka kuma ɗora mata ware wani abu domin raya karkara: rijiyoyi, yaƙi da jahilci da makamantansu. Shugabanta na farko Bature ne, Arthur Gaitskell, tsohon ma'aikacin kamfanin. A 1955 Makki Abbas ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe gudanarwarta. An sake dokar a 1960, lokacin da ake faɗaɗa aikin zuwa Manakil, har faɗinsa ya haura fadan miliyan 2 (fadan ɗaya ya ɗara eka kaɗan).

To ina Bahaushe a cikin wannan rabo? Lokacin da kasuwar auduga ta faɗi a shekarun 1930, manoma da dama sun watsar da hawwasha, kuma 'yan Afirka ta Yamma sun samu wasu. Ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da yawancin jikokin muhajiran Burmi ba za su iya cikawa ba. Hawwasha ta koma ta 'yan ƙasa. Akasarin Hausawa suka tsaya a ƙodago, cirar auduga da noman raba-daidai, wasu a ƙauyukansu na bakin kogi, wasu a sansanonin ma'aikata da ake kira kambo, jam'i kanabi. Dokokin Hukumar ɓangarori uku suka sani, mai ƙodago kuwa ba ya cikinsu, duk da cewa da hannunsa ake cire audugar da ake rabon kuɗinta.

A 1981, bisa shawarar Bankin Duniya, aka soke asusun haɗin gwiwa. Kowane manomi ya samu asusunsa, yana biyan kuɗin ƙasa da na ruwa, riba tasa, asara ma tasa. Dokar 1984 ta zo a kan wannan tsari.

Sauyi mafi girma shi ne na dokar 2005, zamanin Umar al-Bashir. Ta bai wa manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta ba shi damar mallakar hawwasha da sayar da ita, ta miƙa kula da ƙananan hanyoyin ruwa ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A rubuce, ikon manomi ya ƙaru. A aikace, Hukumar aka rage wa ƙarfi ba tare da an samar da wanda zai maye gurbinta ba. An rabu da ƙaramin layin dogon Jazira da masana'antun gurzar auduga da sashen injiniyoyi, an sallami dubban ma'aikata a 2009, laka da ciyawa suka toshe hanyoyin ruwa. Manoma da yawa sun koma gyaɗa, dawa, alkama da albasa, wanda hakan ya buɗe wa masu noman raba-daidai hanya, amma babu wata takarda da ke kare su idan mai hawwasha ya sayar. Gyaran dokar da aka yi a 2014 ya soke ƙungiyoyin masu amfani da ruwan, bai taɓa batun mazauna kanabi ba.

Bayan faɗuwar al-Bashir a 2019 an yi ta kiran a sake doka, mazauna kanabi ma suka ɗaga murya suna neman filin zama da makarantu da ruwan sha. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse maganar. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar wannan shekara, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025, kuma a tsakanin nan an wawashe kayan aikin Hukumar, manoma da masu ƙodago da yawa suka bar gonakinsu.